Abin da Ya Tokare Ƙafar Tebur

A Ijora, ƙarƙashin gadar da tireloli ke kwana,
akwai ɗakin sanyi inda muke ajiye kifin teku.
Shekara goma sha ɗaya ina ƙirga kwali a nan,
hannuna ya san nauyin kowanne, ba sai an ɗora a sikeli ba.

Sallau ya zo mana da damina,
takalminsa jiƙe da ruwan Apapa,
takardar kwalejin fasaha a cikin leda,
da wani littafi mai bango shuɗi
da yake rubutu a ciki ko a cikin danfo ne.

Sati uku kacal, ya kasa kunne ya ce:
inji na uku ba haka ya kamata ya yi kuka ba.
Ya zana bututu, ya zana fanka,
ya lissafa man da muke ƙonawa a banza,
ya ɗauki littafin ya hau bene.

Manaja Oyelaran bai ɗago kai daga waya ba.
"Wa ya tambaye ka?
Ƙirga kwali aka ɗauke ka, je ka ƙirga kwali."
Sallau ya sauko a hankali
kamar mai ɗanyen ƙwai a aljihu.

Taron Litinin kuwa, sai wanda ya gani.
Mutum ashirin, baki ɗaya ke motsi.
In ya yi dariya mu yi,
in ya tsuke fuska mu ƙirga yatsun ƙafa.
Nkiruka ta fi na'ura saurin lissafi,
shayi take haɗawa.
Baba Folarin ya san kowane direba daga nan har Seme,
ba a taɓa tambayarsa hanya ba.
Akwatin shawara na rataye a bakin ƙofa,
makullinsa ya ɓata tun kafin in zo,
gizo-gizo kaɗai ke saƙa a ciki.

Ni ma ba zan wanke kaina ba.
Ni na ja Sallau gefe a wajen mai shayi,
na ce, ƙanena, nan Ikko ce,
mai gidan haya ba ya karɓar hujja,
bakin da ya yi shiru shi ke cin albashi.
Ya yi mini godiya.
Godiyar nan ce ke hana ni barci.

Inji na uku ya mutu daren wata Juma'a.
Kwali ɗari huɗu suka narke,
wari ya kai titi, ƙudaje suka yi buɗiri.
Aka kira injiniya daga Ikeja,
aka biya shi abin da ya fi albashina na wata uku,
ya nuna bututun nan dai, da fankar nan dai.
Sallau na tsaye da tsintsiya yana kore ruwa.
Bai ce uffan ba. Ni ma haka.

Bara aka canja manaja.
Madam Ebiere, mai zagaya ɗakuna da ƙafarta,
mai kiran kowa da sunansa.
Ta tsaya gaban Sallau: "Kai me ka gani? Me za mu gyara?"
Wuri ya yi tsit, sai kukan inji.
Na ga maƙogwaronsa ya motsa,
na ga ya laluba aljihu kamar mai neman canji.
Ya ce, "Duk yadda kika ce, Madam."

Rijiyar ba ta ƙafe ba, na sani.
An daɗe ba a zura guga ba ne, igiya ta ruɓe.

Littafin yana nan.
Teburin ƙirga ne ya gurgunce,
wani ya ninke shi ya tokare ƙafar.
Kullum a kansa nake rubuta lamba.
Yau da na sunkuya ɗaukar biro
na ga gefen wani zane ya leƙo.
Na daɗe a durƙushe,
hannuna a ƙafar teburin,
ina auna nauyinsa.